Ƙararrawar da Aka Zaɓa wa Inna

Shekarar da Inna ta zame a bakin rijiya ta gurɗe ƙafa, a shekarar ne 'yan'uwana maza biyu suka tuna suna da uwa a ƙauye. Babban yayanmu yana aikin ofis a Abuja, autanmu kuma yana sayar da kayan waya a Legas. Ni ce ta tsakiya. Aurena yana ƙauyen da ke gaba da namu ta hanyar Makoda, gonaki ne kawai tsakaninmu, don haka ni na kai ta wurin mai ɗori, ni na riƙa gasa mata ƙafar, ni na koma yi mata tuwo. Su kuwa gudunmawarsu ta farko ita ce buɗe guruf a waya. Suka saka ni ciki ba tare da sun tambaye ni ba, suka shiga jajanta wa juna.

Yaya ne ya kawo maganar. Ya ce abin da ya faru ya nuna gidan Inna yana bukatar ido. Wai ya ga wata ƙararrawa a ƙofar gidan ogansu, mai kyamara a jiki, da baƙo ya danna sai fuskarsa ta fito a wayar maigida ko da yana wata ƙasa, har su yi magana. Ya ce irinta za a sa wa Inna. Na karanta na sake karantawa, ina neman inda ƙararrawa za ta hana tsohuwa zamewa a bakin rijiyar da ke can tsakar gida. Ban gani ba.

Auta ya ce madalla, ai wannan fanninsa ne, a bar masa zaɓi. Yaya ya ce ba a bar wa yaro irin wannan. Daga nan aka ɗaura.

Sai a lokacin na san ashe ƙararrawar ma dangi gare ta. Akwai wadda ake jona wa wutar lantarki. Akwai mai batir da ake cirewa a yi caji. Akwai mai ɗan faifan sola a ka. Wata tana ajiye hoto a ɗan katin da ke cikinta, wata kuma sai an riƙa biya mata duk wata kafin ta tuna wanda ya zo jiya. Wata wai tana bambance mutum da dabba. Kullum na buɗe waya sai na tarar da hotuna jere, baƙaƙe da farare, dogaye da gajeru, kowanne da dogon bayani a ƙasa. Yaya ya fara kafewa a kan mai lantarki, domin irin ta ogansu ce. Sai da na tuna masa cewa turakun wuta sun iso garinmu tun wani zaɓe da ya wuce, wayar wutar ce har yau tana hanya. Ya ce ai ya sani, gwada mu yake yi. Auta ya tsaya a kan mai batir, ya ce ni zan riƙa zuwa ina cirewa ina kai wa mai caji. Bai ce don Allah ba.

Na rubuta musu cewa zauren Inna ba shi da ƙyaure. Asabari ne a rataye tun zamanin Baba, da rana a naɗe shi, da magariba a sake shi. Na ce a jikin me za a kafa abin? Yaya ya turo mini hoton babban yatsa a ɗage. Auta ya turo bidiyon wani Bature yana danna ƙararrawa a ƙofar gidan da ke da ciyawa kamar an share ta da tsintsiya.

An fara wannan muhawara ne da ruwan shuka. Aka yi noman farko suna kan batir da sola. Aka yi maimai suna kan wadda ta fi gani da nisa. Gero ya fitar da kai suna musu a kan launi, wai fara ta fi kama datti. A tsakanin nan ƙafar Inna ta warke sarai, har ta koma tsinkar kuɓewarta a bayan ɗaki, babu wanda ya tambaya a cikinsu. Ni dai an mayar da ni 'yar aike. A ɗauko hoton zaure ta gabas. A ɗauko ta yamma. A tsaya a bakin ƙofa a ɗaga waya a ga ko akwai sabis. Babu. Duk garin ya san sabis yana gindin kukar bayan masallaci ne, can ake zuwa a yi kira. Da na faɗa musu haka sai aka buɗe sabon babi, na ɗan akwatin da ke kamo sabis da dogon ƙarfen da za a ɗaure shi a kai.

Wata rana ina tankaɗe a gabanta na ce, "Inna, 'ya'yanki za su sa miki ƙararrawa a ƙofa."

Ta ce, "Ƙararrawa kuma? Makaranta aka mayar da gidan?"

"A'a. Wanda zai shigo ne zai danna, sai a san ya zo."

"Bakinsa fa? Ciwo yake yi da ba zai yi sallama ba?"

Na ce ai su ma za su riƙa ganin mai shigowa daga can inda suke.

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Can ta ce, "To ni fa, za su gan ni?"

Na ce sai in ta fito ƙofa.

A ƙarshe Yaya ya yi nasara, ba don hujjarsa ta fi ba, sai don shi ne babba kuma ya gaji. Ya zaɓi mai sola, wadda ake magana ta cikinta, wadda kuma take sanar da kai da zarar wani abu ya gifta ko ba a danna ba. Auta ya yi fushi ya fita daga guruf, ya dawo da kansa, ya ce ya yarda amma da sharaɗin a haɗa da wayarsa shi ma. Aka turo magini ya fasa bakin zauren ƙasa ya ɗaure shi da siminti, aka kafa ƙyauren ƙarfe shuɗi mai sheƙi. Wani mutum ya zo daga Kano da jaka a baya ya ɗaura abin, ya kafa ƙarfen sabis a kan rufi. Zauren Baba ya koma kamar tsoho da aka sa wa haƙorin zinare.

Awaki ne suka fara cin moriyarta. Inuwar zauren nan ta daɗe da zama wurin hutunsu, kuma wadda Yaya ya zaɓa ba ta san bambancin akuya da mutum ba. Yana zaune a taron ofis wayarsa tana ta ƙara, ya duba ya ga bunsuru yana soshe ƙeya a jikin sabon siminti. Auta ya samu abin da yake so. Ya yi ta rubuta cewa da an ji maganarsa da ba a kai ga haka ba. Na yi dariya a lokacin. Ban san dariyar ba za ta yi nisa ba.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da muke kira Gwaggo, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. Shekara ɗaya aka kawo su garin ita da Inna suna amare, darni ne kawai ya raba gidajensu. Tun ina yarinya ba na tuna safiyar da Gwaggo ba ta zagayo ta shigo gidanmu ba. Ta zo da koko ko daddawa, ta tafi da kuka ko ɗan wake, babu mai lissafi a tsakaninsu. Ita ta goyi Yaya lokacin da Inna take da cikina.

Wata safiya Gwaggo ta fito daga wurin Inna da ƙwarya a rufe da faifai. Tana sa ƙafa a waje sai bango ya yi magana.

"Baiwar Allah, mene ne a cikin ƙwaryar nan?"

Waɗanda suke wurin sun ce ta yi tsalle ta kama salati. Sai ta tsaya ta saurara, ta gane muryar Yaya ce. Ta ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Tambaya na yi. Kullum ina ganinki kina fita da kaya."

Ta ɗaga faifan, ta miƙa ƙwaryar saitin idon abin, ta riƙe ta a nan har sai da ta tabbata ya ga waken. Sannan ta ajiye ta a bakin ƙofa ta tafi gida hannu wofi. Daga baya Yaya ya ce wai bai gane ta ba, hoton ya yi duhu saboda mayafi. Wannan ce na'urar da aka shafe damina ana yabon kaifin idonta.

Kafin azahar labari ya gama gari. Gwaggo ba ta sake zuwa ba. Matan da ke shigowa daka a turmin Inna suka ɗauke ƙafa, domin babu matar auren da ke son fuskarta ta riƙa yawo a wayar maza a Abuja da Legas, mazansu ma sun ce ba su yarda ba. Mai kawo nono ta koma tsayawa daga nesa tana kira. Shi kuma Auta, don kada a bar shi a baya, ya tare mutumin da ke noma wa Inna gona, yana tambayarsa ta cikin bangon dalilin da ya sa bai zo da wuri ba. Mutumin ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya gama aikin shekarar saboda Inna, amma bai ƙara bi ta ƙofar ba.

Na zo wata ranar kasuwa na tarar da Inna zaune ita kaɗai a gindin rumbu. Gidan da ba ka jin maganar kanka saboda hayaniyar mata ya yi tsit, sai kaji. Kokon safe yana nan a kwano ya yi sanyi. Ta rame a wuya. Na tafi gindin kuka na kira Yaya.

Na ce, "Yaya, ka kori mutane daga gidan Inna."

Ya ce, "Ke ba ki san yadda duniya ta koma ba. Ai amfanin abin ke nan. Na duba, shige da fice ya ragu sosai."

"Shige da ficen nan shi ne rayuwarta."

"Kin cika son ƙorafi. Mu da muke nesa muna iya ƙoƙarinmu."

Na ce ya kira Gwaggo ya ba ta haƙuri. Ya ce zai duba lokaci.

Inna ba ta jira lokacinsa ba. Da na koma ta ce in ɗauko mata addar Baba a ɗaki. Ta nufi can baya inda darnin ya raba ta da Gwaggo, ta nuna mini wuri ta ce in sare igiyar. Na sare, muka janye karan, aka samu kafar da mutum zai wuce in ya sunkuya. Ta koma ta ɗebo wake a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta sunkuya ta shige. Ban bi ta ba. Na dai jiyo Gwaggo tana faɗa, sannan na jiyo su biyun suna dariya irin ta masu share hawaye.

A hankali mata suka gane hanya. Ta gidan Gwaggo ake shiga, a ɓulla ta kafar darni. Daka ya dawo, hira ta dawo, Inna ta koma cin abinci. Shuɗin ƙyauren kuwa ta sa masa sakata ta ciki ta manta da shi. 'Yan'uwana suka yi ta kallon awaki da inuwar darbejiya a wayoyinsu, suna yaba wa juna cewa yanzu gida ya samu tsaro. Da Yaya ya tambaya me ya sa ba ya ganin Inna tana fita, na ce lafiyarta ƙalau. Gaskiya na faɗa.

Bayan an gama girbi Yaya ya zo gari, cikin farar shadda mai sitaci. Ina gidan a ranar. Ya tsaya a ƙofar da ya saya, ya danna ƙararrawar da ya zaɓa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya ga fuskarsa tana kallonsa. Ya sake dannawa. Mu muna can baya ana sussuka, babu wanda ya ji. Ya buga ƙarfen da hannu, ya gaji, sai ya ɗaga murya ya yi sallama kamar kowa. Wani mai wucewa da jaki ne ya ce masa, "Alhaji, ai ba ta nan ake shiga ba. Zagaya ta gidan tsohuwa."

Dole ya je zauren Gwaggo ya nemi izini, tunda namiji baligi ba ya faɗa wa gidan mutane. Ta bar shi a tsaye har ta gama abin da take yi, sannan ta aiko a ce ya shigo. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Ya sunkuya ta kafar darni, kara ya tuge masa hula, ya ɓullo tsakiyar mata da ƙaiƙayi a kafaɗa. Suka ja mayafi.

Ya durƙusa ya gaida Inna. Bai gama zama ba ya fara bayanin cewa wannan kafa haɗari ce, ta rushe duk tsarin da aka yi. Inna ta tura masa kwanon fura ta ce, "Sha tukuna. Ka sha hanya." Da ya sake ɗauko maganar ta tambaye shi lafiyar yara. Haka suka yi har ya haƙura.

Washegari ya koma. Bai ba Gwaggo haƙuri da bakinsa ba, sai ya bar mini turmin atamfa ya ce in kai mata bayan ya tafi. Ƙararrawar ta mutu da kanta a bazarar da ta biyo, babu wanda ya turo mai gyara. Atamfar kuwa na kai. Gwaggo ta karɓa, ta juya ta, ta shafa, ta ce a yi masa godiya. Har ta bar duniya ban taɓa ganinta a jikinta ba.