Tumukun Mma a Cikin Kwalba

Ni ɗan mai koko ne, kuma damun koko ne ya sama mini aikin albashi. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, amma ba ƙari a ciki. Ina da shekara ashirin da 'yan kai wani maƙwabcinmu a unguwar Nima, zangon Hausawa a nan bakin teku, mai aikin gadi, ya kai ni wani ɗakin binciken tsirrai da ke hanyar unguwar Madina, aka ɗauke ni wankin kwalabe.

Shugabanmu a wurin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ga, muna ce masa Masta. A aikin soja ya koyi Hausa, shi ya sa ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar umarni ne. Wata rana mai dafa abincin tsirrai bai zo ba, Masta ya miƙo mini sandar gilashi ya ce in dama. Ya tsaya yana kallon hannuna, ya ga ba gudaji ko ɗaya, kuma gindin tukunya bai kama ba. Ya ce, “Wa ya koya maka?” Na ce uwata, tun ina goye take damu. Daga ranar na bar bakin famfo.

Abincin tsirran nan ba wani abin tsoro ba ne. Ruwa ne da aka tace ta tururi, da sukari, da gishirori iri-iri da ake aunawa a ƙaramin sikeli wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai allurarsa ta motsa. Sai ruwan ɗanyar kwakwa, sai wani farin gari da ake samu daga ciyawar teku, ana ce masa aga, shi ke sa abin ya daskare. In na dama ya yi garau, sai in zuba kaɗan-kaɗan a siraran kwalabe, in toshe bakinsu da auduga, in jera su a wata tukunyar ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa, tururi ya gasa su har duk wata ƙwayar cuta ta mutu. In sun huce, Masta ya yanko kan tsiro ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gero ba, ya ɗora a kai. Bayan makonni sai ka ga ganye.

Doka ɗaya ce a ɗakin, kuma kullum sai ya maimaita ta: “Kwalba a buɗe, baki a rufe. Iska ba aboki ba ne.” Abincin da tsiro ke so, funfuna ma na son sa, kuma ta fi tsiro saurin ci. Ni da Allah ya yi wa surutu, a nan na koyi yin shiru.

A gida kuwa uwata Mma tana da nata ɗakin binciken: wani tsohon baho mai ɓuli, a bayan madafi. Tumuku take shukawa a ciki. Ran da za ta baro ƙauyensu a ƙasar Zazzau ta biyo mahaifina kan hanyar fataucin goro, uwarta ce ta ƙulle mata 'yan ƙwayoyi a bakin zane. Ba su sake ganin juna ba. Shekara talatin tana shuka irin nan, ta ci rabi ta ajiye rabi, kuma abin da take haƙowa bai taɓa cika kwanon sha ba. Nakan zolaye ta in ce, “Mma, a kira 'yan dako su kwashe amfanin gona?” Ta ce, “Ɗan banza, wanda bai san gida ba ai komai wasa ne a wurinsa.” Ba ta da hoto, ba ta da wasiƙa. Abin da hannun uwarta ya taɓa, wanda ya rage mata a duniya, shi ne abin da ke cikin bahon nan.

Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babbar kwatar Nima ta cika ta shigo gidaje. Baho ya kwana biyu a ƙarƙashin ƙazamin ruwa. Da ruwan ya janye, komai ya ruɓe, sai kara ɗaya, shi ma baƙi na hawansa daga ƙasa. Mma ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna a kan turmi tana kallon bahon har kokonta na sayarwa ya huce.

Na yanke karan na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na shiga tiroto, motar hayarmu ta nan. Masta ya juya shi a hannu, ya sansana ganyen, ya ce ba aikin ofis ba ne. Sannan ya ce in dafa sabon abinci, kuma in je in zaɓo kwakwa da kaina. Ban taɓa yin damu da natsuwa irin ta ranar ba. Ya wanke karan da ruwan magani, ya duƙa a kan madubin ƙara girma, ya fitar da kawuna uku, ya sa a kwalabe uku. Biyu suka yi ja suka mutu cikin mako guda. Na ukun ya yi shiru kamar ba zai yi komai ba, sai a mako na biyar ya buɗe ganye biyu, kowane kamar kunnen ɓera.

Na kai wa Mma labari, ta ce ita ba ta cin albishir da kunne, sai ta gani. Gwiwarta ba ta barin ta hawa mota, wurin aikinmu kuma ba a kai baƙi. Na yi ta roƙon Masta har ran Asabar ya gaji ya ce, “Ka kai, ka nuna, ka dawo da shi Litinin. Auduga, ba a taɓa.”

Na kawo kwalbar a aljihun gaba, hannuna a kai tun daga tasha har gida. Mma ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta wajen haske. Ta daɗe tana kallo.

“Ba ƙasa?” ta ce.

“Ba ƙasa, Mma. Abin da na dama yake ci.”

“Yana numfashi kuwa a nan ciki?”

“Yana yi. Amma don Allah kar a buɗe, ko kaɗan.”

Wata maƙwabciyarmu haifaffiyar unguwar Mamobi ta leƙo ta ce, “Ei, Mma, yaro naki ya zama dokita na ganye.” Mma ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Aka kira la'asar, na jingina kwalbar a taga na tafi masallaci.

Da na dawo sai na ga audugar ta ɗan karkace. Na san gidanmu. A wurin Mma ba abin da ke fita ƙofa ba a yi masa tofi ba: yaro mai zazzaɓi, mai tafiya, sabuwar tukunya, ni kaina kowace safiya. Ta karanta abin da ta karanta, ta hura da ɗan danshin bakinta, shi ke nan an tsare. To ta yaya za ta bar irin uwarta ya koma kwana cikin baƙi ba addu'a? Na gyara audugar kamar ban ga komai ba.

Ran Laraba farin gashi ya bayyana a gefen abincin. Masta ya ciro tsiron ya wanke ya sa a sabuwar kwalba, funfunar ta bi shi can. Kafin mako ya zagayo ta rufe shi ruf. Masta bai yi mini faɗa ba, ya dai tura mini kwalbar ya ce in wanke. Na tsaya a bakin famfo na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Daga nan na shiga ƙarya, kuma na iya ta. Yana nan lafiya, Mma. Ya yi saiwa. An mai da shi ƙasa. Ya yi yaɗo. Ita kuma ta ce madalla, ba ta taɓa cewa in sake kawo shi ba. Da kaka ta yi, na bi kasuwa har na sami matan arewa da suka sauko da tumuku. Na zaɓi ƙanana, na shafa musu jar ƙasa, na naɗe a tsohuwar jarida na kai mata ina washe baki.

Ta wanke, ta dafa, ta juye a ƙaramin kwano, muka zauna a ƙofar madafi. Ta ɓare ɗaya ta sa a baki, ta tauna a hankali. Ta ɓare na biyu ta miƙo mini.

“Ka iya zaɓe,” ta ce. “Amma namu bayansa baƙi ne, kuma ya fi wannan gari.”

Na sunkuyar da kai.

“Ni na buɗe,” ta ce.

“Na sani, Mma.”

“Na san ka sani.”

Har yau in na tuna zaman nan sai kewarta ta cika mini ƙirji, in ji da ma a dawo da ni ƙofar madafin ko na minti ɗaya, ko ba za mu ce komai ba. Ta cinye abin da ke kwanon tas, ba ta ware ko ƙwaya ɗaya ta iri ba. Ta wanke hannu, ta dubi gidajen kwano da suka kewaye mu kamar yau ta fara ganin su.

“To,” ta ce, “yau dai na iso Nima.”