Katakon da Ya Riƙe Kekena

Ranar da na fita takaba ban tsaya karɓar masu barka ba. Na yi wanka, na ja mayafi, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa shagon da muke haya a bayan 'yan albasa a kasuwar Malanbil, don tun rasuwar maigidana ban sa keken ɗinkina a ido ba. Duk watannin nan makullin shagon yana hannun ƙaninsa.

Keken nawa ne, na hannu, tun ina gidanmu a Garu nake ɗinki da shi. Abin da marigayin ya yi shi ne katakon da yake zaune a kai. Kafinta ne, kuma da akwatin keken ya ruɓe a wata ambaliya, sai ya samo guntun katakon jirgin ruwa, ya fere, ya goge har yana sheƙi. Ya huda ramuka huɗu, ya dasa noti a cikin kowanne, ya ɗaure keken da sukuru. Katakon kuma ya kafe shi a jikin teburin aikinsa, wai kada ɓarawo ya sunkuta. Shi haka yake, in ya ɗaure abu sai ka ce har tashin duniya ba mai kwancewa.

Na yaye zanen da aka rufe keken da shi. Ko'ina tsatsa ta hau, amma kawunan sukurun suna walƙiya. Tsagar da sukundireba, wato turnabis, ke shiga duk ta cinye, ta koma rami. Tsatsa ba ta yin haka. Hannu ne, kuma na mai gaggawa.

Dattawan gidan sun riga sun ce bayan Juma'a za a raba gado, kuma duk abin da aka tarar cikin shagon za a sa shi cikin kayan mamaci. Keken da ke kafe a teburinsa, wa zai tsaya jin tarihinsa? Shi ya sa na zo in kwance abina. Ashe wani ya riga ni tunanin.

Ƙanin nan nasa abokin wasana ne, kamar kowane ƙanin miji. Ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar kaya ta gadar kan iyaka zuwa Gaya. Tun ina amarya yake cewa ranar da tsohon nan, wai yayansa, ya gaji, ni da keken duka shi zai gada, ni kuwa in bi shi da tsintsiya. A tsaye cikin shagon nan maganar ta dawo mini, ban ji dariya a cikinta ba ko kaɗan.

Na aika aka kira shi. Ya shigo yana fara'a, na nuna masa da yatsa.

"Wa yat taɓa mini keke?"

"Ni na, Yaya," in ji shi. "So niy yi in kai miki shi gida ki rage kewa. Turnabis ɗin na zamewa, ni ko ina ta matsawa, hal na ɓata kawunan."

"To mi ya hana ka hwaɗa mini?"

"Kunya. In ce miki ƙanin kahinta ya kasa kwance sukuru?"

Ya yi dariya, ni ban taya shi ba. Maganar tasa ta shiga hankali, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma kan keke yana shiga buhun albasa sumul, kuma babu ɗan duwan, wato kwastan, da bai san fuskarsa ba a gadar nan. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Maƙwabcinmu bakaniken babur ne, wani dattijon Bazabarme. Na roƙe shi ya zo da kayan aikinsa. Ya ɗiga wa kowane sukuru baƙin mai, ya bari ya jiƙa, sannan ya yanka sabuwar tsaga da ɗan zarton ƙarfe. Ya kafa sukundireba, ya buga mata guduma, ya murɗa. Na farko ya yi ƙara ya fito, na biyu ma haka. Na uku ya yi taurin kai, sai da ya gasa masa jan ƙarfe a ka. Duk wannan ƙanin mijina yana tsugune yana riƙe masa keken kada ya goce, ni kuwa hannunsa nake kallo, ba aikin ba.

Na huɗu ne ya ƙi. Yana juyawa, amma ba ya fitowa. Dattijon ya ce notin da ke ciki ya saki katakon, shi da sukurun tare suke zagayawa.

"Ki bari sai gobe," in ji shi. "In aro injin huji, mu ci kan sukurun, katako ba ya jin komi. In ko yau kika so, sai an tsaga shi."

Na shafa katakon. Akwai wani gefe da ya yi santsi, inda marigayin yake dafa hannu in ya tsaya yana mini surutu ina ɗinki. Kayan aikinsa duk za su tafi rabo. Wannan kaɗai ya yi don ni.

Ƙanin mijina ya zaro makullin daga aljihu, ya miƙo mini.

"Riƙe, Yaya. Ki kulle da hannunki, gobe ki buɗe da hannunki. Kak ki bari a tsaga mishi aiki."

Na dubi makullin a tafinsa. Wata da watanni yana wurinsa, kuma kasuwar Malanbil cike take da masu yanka makulli. Na dubi fuskarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ko wannan ma sai na ji zuciyata tana tambaya, na Allah ne?

"Baba, tsaga," na ce.

Dattijon ya sa kurfi a kan ramin, ya buga. Katakon jirgi ne, bai ba da kai da wuri ba, kowane bugu kuwa a ƙirjina nake jin sa. Da ya dare, notin ya faɗo ƙasa da sukurun a cikinsa, keken ya saki.

Ƙanin mijina ya matso. Ya ɓamɓare ɓarin biyu daga teburin, ya kaɗe su, ya haɗa su a hammata.

"Wanga dai babu gardama," in ji shi, "na yayana na."

Ya ɗaure su a bayan babur ɗinsa ya tafi. Ni kuwa na naɗe keken a zane, na tsayar da wani ɗan kabu-kabun, na rungume abina a cinya har gida. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa mini ba, kuma da za a maimaita ranar, ina jin abin da zan sake cewa ke nan. Sai da na sauke keken a tsakar ɗaki, na rasa inda zan ɗora shi, sannan na tuna ban roƙe shi ko ɓari ɗaya ba.