Gemun Ruwa

Ni dai a sanina kifi ba ya haɗuwa da ƙanƙara sai ya mutu. Haka muke gani a kasuwar kifi ta Jidda: a shimfiɗa ta, a jera su a kai, ido buɗe. Shi ya sa ran da autana ya kira ni daga ƙasar sanyin da yake aiki, ya ce ya fara kamun kifi a ƙarƙashin ƙanƙara, na ce masa, "To ai wani ya riga ya kama maka. Kai ɗauka kawai ka yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya juya mini wayar, na ga fili fari fat, ba itace ba gida, sai rami ɗaya kamar bakin turmi, da baƙin ruwa a ciki.

"Tafki ne, Inna. Sama ya daskare, amma ƙasa kifi na yawo."

Kafin wannan kiran, rabona da muryarsa tun gaisuwar Salla. A nan Jidda, unguwar Ruwais, na haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausar jinta yake fiye da faɗi. Yayyensa mata aure ya kwashe su, ɗaya Madina, ɗaya ta koma Sudan. Ni kuwa tun rasuwar babansu ina ɗaki ɗaya a unguwar Bani Malik, cikin maƙwabta masu kirki waɗanda ba ma jin yaren juna sai sallama. In ya kira, lafiya lau, lafiya lau, halas, wayar ta yi duhu.

Ran nan bai yi saurin ajiyewa ba. Ya ɗago wani abu kore mai sheƙi, ciyawar roba da ya sayo a kanti. Wai ana zura ta cikin ramin don kifi su taru. Ya zura, ko ɗaya bai zo ba.

"Inna, wancan abin da kike yi wa Baba, eish ismu, me sunansa?"

"Gemu," na ce.

Babansu masunci ne ɗan masunta, daga bakin kogin Nilu ya zo. Can reshen ƙaya suke jefawa a ruwa kifi su taru. Nan bakin bahar, wato teku, ina itace? Ni na ce ya samo mini tsofaffin igiyoyin jirgi da ake yarwa wajen tashar jiragen ruwa. In zauna in warware su zare zare, in ɗaure dutse a gindi, kwalba rufaffiya a sama, abin ya tsaya cikin ruwa yana kaɗawa. Da ya gani ya ce ya fi gemunsa cika, sunan ya bi shi. Lokacin bahar na kusa da mu, kafin a cike bakinsa a yi tituna. Mata da yawa sun kwaikwaya, amma ba wadda nata ya tara kifi kamar nawa. Wannan ba yabon kai ba ne, duk unguwar ta shaida.

Da na ga dama, a zama ɗaya zan faɗa wa yaron komai. Sai na ce, "Nemo igiya tukuna, tsohuwa, wadda ta sha ruwa. In ka samu ka kira ni."

Ya samu, ya kira. Na koya masa warwara, na ce sauran sai ya gama. Ya gama, ya kira. Dutsen da ya ɗaura ya fi ƙarfin ramin, ya ƙi wucewa, na yi masa tsiya son raina.

"Kai da takardunka, ba ka auna baki kafin ka auna loma?"

"Ya Inna, hannuna ya mutu da sanyi, wallahi."

"Babanka rana ce ta dafa shi, bai yi mini kuka ba."

Haka muka yi ta yi. Yau maganar kwalba, wani mako maganar ƙugiya, cewa ba a jefa ta tsakiyar gemu. Ƙananan kifi ke shiga ciki su ɓuya, manyan a gefe suke jira. Ranar hutunsa nakan yi wanka da wuri, in sa mayafin kirki, in jingina wayar da butar shayi. Har Hausarsa ta fara dawowa. Rannan ya ce "tsautsayi" daidai, na yi kamar ban ji ba don kada ya ji kunya.

Abu ɗaya ya rage, na riƙe shi. Ya tambaya, na ce kaina na ciwo. Ya sake tambaya, na kawo labarin wata maƙwabciya. Sai wata rana na gan shi durƙushe bakin ramin, gashin bakinsa ya yi fari da sanyi, bokitinsa ba komai, yana cewa ƙanƙarar ta kusa fara narkewa. Yadda ya sunkuyar da wuya, babansa sak in ya dawo hannu wofi.

Na ce, "Saurara. Sabon gemu warin hannu yake yi. Ka zura shi ka tafi gida. Kada ka leƙa, kada ka ɗaga. Sai ya yi yauƙi, ruwa ya manta baƙo ne, sannan za su zo."

Ya bar shi. Da ya sake kira, wani kifi mai zane a jiki yake ɗaga mini, yana ihu da Larabci da Hausa a haɗe. Na ce ƙarami ne, amma ba laifi.

Ƙanƙarar ta narke. Ba abin da ya rage da zai tambaye ni. Wayar ta koma yadda take, gaisuwar Juma'a in ya tuna.

Na roƙi wani direba maƙwabcina ya samo mini guntun igiya a tashar jiragen ruwa. Tana nan a cinyata, ina warwara a hankali, yatsun sun fi da nauyi. Wannan gemun siriri nake yi, daidai bakin turmi, da wani ɗauri da ban taɓa nuna masa ba. Na tambaye shi yaushe ruwansu zai sake daskarewa, ya ce da saura tukuna.