Labbo, Mai Tambayar "Ya Fita Daga Ina?"

Kullum da hantsi Malam Labbo yakan shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidansa a Anka, ya karkata kunne gabas. Layin dogo bai taɓa zuwa garinmu ba, amma wanda ya shekara talatin da uku yana ba jirgin ƙasa hanya a wata 'yar tasha kan layin Ƙaura, kunnensa bai san ritaya ba.

Yana sabon ɗauka wayar sigina ta tsinke, aka koma magana ta tarho. Tashar gaba suka ce, "Jirgi ya fita." Mai aikin ranar ya ɗauka ya fita daga layi ne, ashe daga tasharsu ya fita, ya nufo su. Layi ɗaya ne. Ya saki nasa jirgin. Labbo na cikin waɗanda suka kwashi gawa. Tun ranar, ba a ce masa "ya fita" bai tambaya ba: daga ina, zuwa ina?

Jatau, tsohon direban jirgin ƙasa, ya ba mu labarin ranar da hannun sigina ya sauka, alamar a wuce, Labbo kuwa ya tsaya tsakiyar layi da jar tuta.

"Kai Basakkwace, makancewa ka yi? Hannu ya sauka!"

"Hannu ƙarhe na, Jatau. Ni ban ji inda wancan jirgi yat tsaya ba."

Shugaban tasha ya fito yana huci. "In ba abin da ya zo, yau za ka tuɓe kakin nan."

"Na ji, ranka shi daɗe."

Minti ashirin fasinjoji na zaginsa ta taga. Sai ga jirgin kaya ya ɓullo daga kwana, a kan layin da Jatau zai hau. Jatau ya ce saukowa ya yi ya zauna kan tsakuwa.

Kai ne, Labbo, ka yarda a kore ka da a kashe mutane. Ba a ba ka ko takardar yabo ba. Allah Ya saka maka da alheri.

Ku yaran yanzu, direbobi da masu babur da malaman asibiti, ku daina jin kunyar tambaya. Waɗanda suka zage shi ta taga sun isa gida, sun aurar da 'ya'yansu, har yau ba su san sunansa ba. To, ga shi mun faɗa.