Allon Mai Shebur da Reshen Darbejiya

Har gobe ba zan manta da ranar da allunana suka tara masu neman aiki a Tarauni ba. A shekarar 1999 ne, sojoji sun miƙa mulki, ko'ina ana haƙar magudanar ruwa. Ina da shagon fenti da alluna a Gyaɗi-Gyaɗi, nan Kano, sai wani kamfanin da ke haƙar ya gwada ni da allunan gargaɗi guda shida. Sharaɗin a fili yake: in sun yi amfani, na sauran titunan duk ni zan yi, in ba su yi ba, a ba wani.

Injiniyan aikin, Mista Bitrus, mutumin Filato ne da ya daɗe yana aiki a tsibiran Legas. Shi ya kawo samfurin: mutum riƙe da shebur a gaban tarin yashi. Ya ce a can kowane tsibiri da irin nasa, wani an sa wa mutumin hular kwano, wani takalmin ruwa. Na zaɓi mai hular kwano, na zana, muka kafa.

Washegari da safe na tarar da magidanta sun yi layi a gindin allon, kowa da sheburinsa. Ina tsaye wani ɗan acaba ya wuce a guje, saura kaɗan ya afka rami.

Na ce wa wani dattijo, "Baba, lafiya?"

"Ba ku kuka zana mai shebur ba? Ai mun ɗauka leburori kuke nema."

Mista Bitrus ya riƙe ƙugu. "Alhaji, allonka talla yake yi. Na ba ka zuwa Juma'a."

Na sake komawa wajen dattijon. "To, Baba, me za ku gani ku san akwai haɗari?"

"Ganye mana! In mota ta lalace, me direba yake jerawa a titi?"

A ranar na sa mai walda ya liƙa guntun bututu a saman kowane allo, muka soka reshen darbejiya. Ran Juma'a muka tsaya kallo: duk wanda ya hango ganyen sai ya taka burki. Mista Bitrus ya yi ta dariya har da tafi, ya ce, "Ashe Kano ma tsibiri ce!" Ya ba ni aikin, ya kuma ɗauki dattijon aiki, shi ke canza ganye kullum da safe.

Tun daga nan, kafin in buɗe gwangwanin fenti sai na tare mai wucewa na nuna masa zanen, na ce, "Malam, me ka gani?" Abin da ya faɗa, shi ne abin da allon yake faɗa.