Gildete Mai Katin Unguwa

Matakala ɗari da goma sha biyu ce tsakanin ƙofata da ƙofar Gildete. Ni ina gindin tudun Caju, ita tana can ƙololuwa, inda ma'aikatan birnin Recife ke zuwa duk shekara su shimfiɗa baƙar leda don kada ruwan sama ya jiƙa ƙasar ta zame. Gwiwoyina sun daina kai ni can tun tuni. Ita kuwa, da shekararta hamsin da takwas, sau uku take hawa da sauka a rana, da buhun shinkafar wani a ka.

Tana da shekara goma sha huɗu aka sako ta a motar kaya daga ƙauyensu inda fari ya cinye komai, ta zo aikatau gidan wani likita. Shekara ashirin da biyu tana wanki da guga. Ranar da suka sallame ta, matar likitan ta ba ta tsohon keken ɗinki, tana ta matsar ƙwalla kamar wadda ta ba da gida. Gildete ta auri Adeildo direban bas, mutumin kirki. Ya rasu ya bar mata ɗaki biyu a kan tudu, da ƙaninsa Genival, wanda shi ma gado ne, irin wanda ba a rububinsa.

Mu a nan talaka ba shi da kadarar da ta wuce suna. Ka ci bashi ka kasa biya, sai a sa ka a jerin masu dattin suna, daga ranar ko fanka ba mai sayar maka a biya kaɗan-kaɗan. Kusan duk layinmu sunanmu ya yi datti, har da ni, saboda talabijin da na sa wa jikana hannu. Gildete ce kaɗai ba ta taɓa makara da biyan ko kuɗin ruwa ba. Shi ya sa banki ya ba ta katin bashi, mai gyara. Duk sayayyar real ɗari, wato kuɗinmu na nan, da ta goga katin, banki zai mayar mata da real huɗu.

Wata macen da ta samu irin wannan kati, sai ta je ta sayo takalmi. Gildete ta zauna ta yi tunani. Ta bi gida-gida ta ce wa mata, duk mai son cefanen wata daga babban kantin sari, ta kawo kuɗinta, ita za ta je ta sayo da kati ta kawo mata har ƙofa, ba ko kwabo a kai. Wake, garin rogo, masarar dambu, kofi, busasshen nama, maganin hawan jini, tukunyar gas. Gida ashirin da wani abu. Kuɗin mutane ta zuba a gwangwanin biskit, ranar goma ga wata ta kai banki ta biya, gyaran kuma ya zama nata. Doka ɗaya gare ta, kuma shekara biyar ba ta karya ta ba: sai kuɗi sun shiga gwangwani kati yake fita daga rigar mama. Ni da na goya ta da shawara, akwai ranar da real bakwai ya hana ta sayo mini man girki.

“Gwaggo Lindalva, cika min bakwai ɗin nan tukuna,” in ji ta.

Na ce, “Ke da banki wa ya haifi wani?”

Ta ce, “Shi ya fi ni tausayi, Gwaggo. Kawo bakwai.”

Gyaran nan ba ci take yi ba. Tarawa take. Shekara tara sunanta yana jerin masu jiran gidajen gwamnati da ake ginawa a fili, nesa da tudu. Shekara uku da suka wuce, wata Laraba da azahar, ƙasa ta zame a bayan ɗakinta ta rufe gidan maƙwabtanta da mutum huɗu a ciki. Tana tsaye tana shanya ta gani. Tun ranar, in hadari ya haɗu ba ta iya cin abinci. Kuma akwai tsaga a bangon ɗakinta, wadda da farko allura ce kawai za ta shiga, yanzu yatsa yana shiga.

A watan Janairun bana aka aiko mata cewa layi ya zo kanta, ta zo a watan Mayu ta sa hannu. Sharaɗi biyu ne: kuɗin kafin alƙalami cif, da suna mai tsabta a ranar. Wanda ya gaza ɗaya, a ba na bayansa. Saura real dubu da ɗari biyu kuɗinta su cika, kuma da gyaran da take samu da ɗan ɗinkin da take yi, za ta kai.

A wannan satin ne banki ya turo saƙo a wayarta. Ta sauko da gudu, ko ɗankwali babu, ta zauna a dokin ƙofata ta karanta mini, tana bin rubutun da yatsa. Sun ce saboda suna ƙaunar abokan cinikinsu, sun gyara tsari. Daga yanzu real ɗaya za a mayar a kowane ɗari. Amma wanda sayayyarsa ta haura dubu goma a wata, za a ba shi uku.

“Nawa unguwa take saye a wata?” na tambaye ta.

“Dubu shida. Wani lokacin da ɗoriya.”

“To, sun rataye miki nama a inda sai kin hau kujera mai ƙafa uku. Ki bar shi. Karɓi ɗayan da suka bari.”

“Ɗaya ba zai kai ni Mayu ba, Gwaggo.” Ta ɗaga kai ta dubi tudun. “Ba zan sake yin damina a can ba. Wallahi in na ji ruwa a kan kwano, ji nake kamar ana tona mini kabari.”

Watan farko ta kai dubu goman, amma sai da ta kusa mutuwa. Ta sayo wa coci fenti, ta sayo wa wani mai gini siminti, ta bi unguwar da ba tata ba tana roƙon mutane su bar ta ta yi musu wahala kyauta. Ta rame, wuyanta ya zama kamar na kazar da ta sha ruwan sama. Wata na biyu, saura kwana uku a rufe lissafi, tana neman sayayyar kusan dubu huɗu, kuma duk wanda zai saya ya riga ya saya.

Sai ga Genival, da sabon aski da ƙamshin turare. Ina zaune a ƙofa na ga ya tare ta a matakala ta uku.

“Yaya Gildete, ke nake nema. Firiji nake so in saya wa Rosineide, dubu uku da ɗari takwas. Jumma'a za a biya mu a wurin gini, in kawo miki a dunƙule.”

Na ce, “Genival, kai da ko ruwan sha ba ka ajiye wa matarka, me za a sanyaya a ciki? Ƙaryarka?”

Ya yi dariya. “Gwaggo, bakin nan naki ko a kabari ba zai huta ba.”

“Zai huta ranar da ka biya bashin akwatin gawar yayanka Adeildo.”

Gildete ba ta yi dariya ba. Na ga leɓenta yana motsi, tana haɗa lissafi. Na ce mata, “Ina gwangwani?” Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce wai jinin Adeildo ne, ba zai yi mata haka ba. Ba jinin Adeildo take gani ba, uku take gani a madadin ɗaya. Da la'asar aka hau da firiji gidan Genival, fari fat, maza huɗu suna nishi.

Jumma'a ta zo ta wuce. Asabar Gildete ta je wurin ginin, aka ce ai tun Alhamis aka biya su. Lahadi wani ya ce ya ga Genival a tasha, ya shiga motar São Paulo da jaka ɗaya, da wata yarinya mai sayar da katin waya. Ashe firijin na toshe bakin matarsa ne.

Na taɓa ganin tsoro iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya shanye mutum a tsaye kamar na Gildete ba. Saura kwana goma sha ɗaya ranar biya. In ba ta biya ba, sunanta ya yi datti, gida ya tafi. In ta ɗebi kuɗin kafin alƙalami ta biya, gida ya tafi. Duk ƙarar waya sai ta zabura, ta ɗauka banki ne. Kantin suka ce ba sa karɓar firijin da aka riga aka jona wa wuta. Kuma kamar da gayya, ruwa ya sauko da wuri, tun Maris bai ƙare ba. Ranar Talata da hantsi aka yi wani mai ƙarfi, iska ta yage ledar bayan ɗakinta, jan ruwa ya riƙa gangarowa ta matakala har ƙofata. Ta sauko a jiƙe sharkaf, ta tsaya tana kallona, haƙoranta suna haɗuwa.

“Gwaggo, ƙasar tana motsi. Na ji ta a tafin ƙafata.”

Na ba ta kofi mai zafi, na ce ta ɗauko mini kujerata. Gidan Genival matakala talatin ne kawai, na hau su ina tsine wa kowace ɗaya. Na dasa kujera a gaban firijin na zauna. Na shirya faɗa iri uku a bakina, amma Rosineide ba ta ba ni dama ba. Tana zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura.

Ta ce, “Buɗe ki gani, Gwaggo.” Na buɗe. Gorar ruwa biyu da rabin albasa. “Ku ɗauke shi. Duk dare sai ya yi ta gurnani kamar mai shi.”

Sayar da shi a kasuwa asara ce, rabin kuɗi za a taya. Sai muka yi abin da muke yi in wani zai yi tiyata ko zai binne uwa: muka sa shi a ƙuri'a. Lamba ɗari biyu, kowace real ashirin, wanda lambarsa ta fito ya ɗauki firiji. Muka ajiye shi a bakin titi da jan ƙyalle a ka kamar amarya. Ni na zauna gadinsa, kuma ba wanda ya wuce lafiya.

“Kai mai kifi, kifinka tun daga kwanar titi ake jin warinsa, zo ka sayi lamba.”

“Gwaggo, ba ni da sa'a.”

“Na sani, na ga matarka. Sayi biyu.”

Kwana tara muka sayar da lamba ɗari da sittin da uku. Sauran suka ƙi tafiya, mutane ba su da shi. Ranar goma ga wata da safe Gildete ta ciri abin da ya rage daga kuɗin gidan ta cika, ta je ta biya banki. Mai kifi ne ya ci firijin, ya zo yana ta washe baki kamar shi ya ƙera shi.

Suna ya tsira, amma ramin kafin alƙalami ya ƙara zurfi, ga Mayu a bakin ƙofa. Ta rantse ba za ta sake bin dubu goma ba. Ni kuma na tara matan layi a ƙofata na ce musu, shekara biyar tana hawa muku da shinkafa kuna cewa na gode, banki yana biyan ladan ƙafafunta. Yanzu banki ya janye hannu, kuma ƙafafun ba su daina ciwo ba. Kowace ta ɗora real biyu a kan ɗari, ko ta sauka ta ɗauko buhunta da kanta, ta biya kuɗin mota. Suka yi ƙunƙuni, wata ta ce ai dā kyauta ne. Na ce mata ba ta taɓa zama kyauta ba, ke ce dai ba ki san wa ke biya ba. Suka biya.

Duk da haka bai isa ba. Sati ɗaya kafin ranar sa hannu, ta sayar da keken ɗinkin. Da kanta ta sauko da shi a ka, ba ta bari kowa ya taya ta ba, kuma da ta wuce ƙofata ba ta dubi inda nake ba.

Ta sa hannu ranar ashirin ga Mayu. Na raka ta. Yarinyar ofishin ta daɗe tana kallon na'urarta, Gildete ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Sai yarinyar ta ce, “Sunanki lafiya lau, Uwargida Gildete.” Sannan ta ƙara da cewa makulli sai Satumba, ba a gama jawo ruwan famfo ba.

Tsakanin Mayu da Satumba kuwa damina ce gaba ɗayanta.

Na ce ta dawo ɗakina. Ta ƙi, wai in ta bar gidan ba kowa, ɓarayi za su kwance kwano da ƙofa, kuma da su take so ta yi rumfa a sabon gida. Sai ta samu takarda ta manna da ƙullun rogo a kan tsagar bangon, ta ce muddin takardar ba ta yage ba, bango bai motsa ba. Har yanzu tana zuwa kantin sari da katinta. Real ɗayan da suka bari, ta ce yana saya mata kofi da rabin tukunyar gas, kuma ba za ta bar wa banki ko shi ba.

Kowace safiya nakan fito in ƙirga rufin da ke kan tudu, daga ƙasa zuwa sama, sai na kai nata nake ɗora tukunya. Kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba. Jiya da hantsi na hango ta tana saukowa a hankali, tana dafa bango, gwangwanin biskit a hammata, ba buhun kowa a kanta. Da ta iso ta buɗe tafin hannu ta nuna mini takardar bangon, ta yage gida biyu.

Na matsa mata a kan benci. Saura kwana arba'in da ɗaya a ba da makulli, kuma akwai gida shida a ƙasan nata da har yanzu mutane ke kwana a ciki.