Kawu Arzika a Tungar Kakanni

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar, aka loda mu a bayan wata tsohuwar motar kanta mai jigilar albasa, mu 'yan firamaren ƙauyenmu da ke gefen Illo, wai za a kai mu ganin tarihi. Warin albasa bai bar motar ba, kafin mu fita gari rabinmu na hawaye ba tare da an doki kowa ba. Ina tsaye riƙe da ƙarfe, hijabina ya sha bula har ya koma kalar sararin sama, a ƙafata kuma takalmin yayata Dije ne, wanda sai da na cusa tsumma a bakinsa sannan ya zauna. A jakata akwai dambu da ƙuli-ƙuli da rabin dogon burodin nan da ake kawowa daga Benin. Malam Nomau, malamin ajinmu, yana gaba kusa da direba, kowane lokaci sai ya leƙo da kansa ya ce mu yi waƙa, mu kuwa da motar ta faɗa rami sai waƙar ta tsinke a tsakiya.

Ba tarihin ne ya sa ni murna ba. Murnata ita ce zan yi yini guda ban taɓa taɓarya ba. A gidanmu kafin in tafi makaranta sai na ɗebo ruwa a gulbi, na share tsakar gida, na kora awaki bakin garke. In na dawo kuwa ga surfe, ga wanke-wanke, ga daka, in injin niƙa ya rasa mai kuma ga dutsen niƙa yana jirana a bayan ɗaki. Ba sau ɗaya ba muna tsakiyar carafke da ƙawata Hajo, na kusa cinye ta, sai in ji muryar Inna daga madafa: “Kulu, hatsin ga ba ya daka kainai.” Saboda haka da Malam Nomau ya ce an gina wani wuri a bakin gulbin Kwara kusa da Bagudo, ana ce masa Tungar Kakanni, inda ake nuna yadda mutanen farko da suka sari daji suka zauna a bakin ruwa suke rayuwa, ni abin da na hango shi ne dogon gini mai fanka, da ƙasusuwan kada, da kujerar da zan zauna in miƙe ƙafa.

Akwai kuma saƙon da aka ba ni. Ƙanen Inna, Kawu Arzika, autan Kaka Tumba, ya bar gari watannin baya ya ce ya sami aiki a sashen kula da tarihi a Bagudo. Duk Juma'a yakan dawo da riga mai karin guga, da baƙin tabarau, da agogon da ba ya gajiya da dubawa, da biro a aljihu, ƙanshin turarensa na riga shi shiga zaure. Yana da waya mai layi biyu, ɗaya namu ɗaya na Benin, yana kuma gaida mutane da “bonjur” ko da la'asar ce. Bai iya noma ba, gulbi kuwa ko kusa da shi ba ya zuwa, domin jirgi ya taɓa kifewa da shi yana yaro. Mu 'yan gida mun sani, amma ba a faɗa. A lokacin yana neman auren Salamatu, 'yar wani mai sayar da atamfa a tsallaken iyaka, kuma uban ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da tsayayyen aiki ba. Da Kaka ta ji inda za mu, sai ta ƙulle daddawa a tsumma ta ce in kai masa har ofis, in kuma duba mata ko kujerarsa mai juyawa ce kamar yadda ya ce.

Da muka sauka, aka jera mu bibbiyu muka shiga ta wata ƙofar zana. Wani saurayi mai riƙe da lasifika ya tarbe mu ya fara bayani. Ya nuna mana bukka ta ciyawa, da rumbun laka, da randa a kan gammo, da murhu mai duwatsu uku, da akushi, da faifai, ya ce da waɗannan kakanninmu suka yi rayuwa a zamanin da. Muka yi tsit muna jira a kai mu wurin tarihin. Ashe mun iso. Hajo ta matso kusa da kunnena ta ce, “Wagga tunga ai tamu ta hi ta tsuhwa.” A gefe guda kuma ga wasu yara da aka kawo daga birni a farar bas, da safa da jakunkunan goyo, suna zagaye dutsen niƙa suna tambayar ina ake kunna shi. A wata bukka na tsaya turus, domin ƙwaryar da aka rataya a bango, wadda mai lasifika ya ce ta kakannin kakanni ce, ta Kaka Tumba ce. Na san ɗinkin da ke gefenta, a gabana aka yi shi, kuma tun lokacin girbi ake nemanta a gida.

Ban gama da mamakin ƙwarya ba sai ga mu a gaban turmi. Matar da aka ɗauka ta riƙa nuna daka ta tafi suna, ga gero a jiƙe, ga baƙi na jira. Mai lasifika ya tambaya ko akwai wadda ta taɓa ganin yadda ake yi. Malam Nomau ya dafa kaina cike da alfahari ya ce ai ga gwanar ajinsa. Kafin in buɗe baki an ɗaura mini zanen saƙi a kan yunifom, an damƙa mini taɓarya. Na fara dakan ina haɗiye kuka. Amma da na ga yaran birni sun yi da'ira sun saki baki, sai na shiga cilla taɓarya sama ina tafawa kafin ta dawo, kamar yadda muke yi a gida in mun gaji da shiru. Aka ɗauki tafi. Tun da nake daka a duniya ba a taɓa tafa mini ba, sai dai a ce garin bai yi laushi ba.

Daga bakin turmin ne na hango Kakan Gari, wato wanda aka ce shi ya fara kafa bukka a wurin. Yana zaune cikin kwalekwale a kan busasshen yashi, da warki a ƙugu, da malfa, jikinsa shafe da toka, farin gemu na auduga har ƙirji, yana riƙe da komar kamun kifi yana kallon nesa kamar mai tunanin zuri'a. Sai na ga kowane ɗan lokaci yana juya hannun hagu yana duba wuyan hannun, inda babu komai sai farin zanen da agogo ya bari. Mutum ɗaya na sani mai wannan duban. Na jingine taɓarya, na ciro ƙullin daddawa na je na durƙusa.

“Kawu, ina wuni. Kaka ta ce in kawo maka ohis.”

Bai dube ni ba. Ta cikin audugar ya ce, “Ban san ki ba, yarinya. Ni na rasu tun ba a haihi kakanki ba.”

“Ta ce in duba mata kujera.”

Sai ya sassauta murya. “Kulu, aje ta ƙarƙashin koma ki tahi. In kika rihe bakinki, takalmi na nan tahe daga kasuwar Malanbil can Benin, daidai ƙahwarki.”

Na koma turmina ina lissafin kalar da zan zaɓa. Ba a jima ba wuri ya hautsine, aka ce babban baƙo ya iso. Wani mutum ne mai katuwar riga, masu ɗaukar hoto na biye da shi. Ya leƙa rumbu, ya ɗanɗana furar da aka dama da garina, ya yaba. Da ya zo kan Kakan Gari sai ya tsaya ya ce shi bai taɓa jin masuncin da ke kamun kifi a kan yashi ba, a sa jirgin a ruwa a ga yadda kakanni ke jefa koma. Na ga gumi ya fara gangarowa da toka daga goshin Kawu. Ya dubi mai lasifika, mai lasifika ya dubi sama. Samari suka kama kwalekwalen da Kawu a ciki suka tura shi, shi kuwa ya riƙe gefe da gefe, bai ƙi ba, domin cewa a'a a gaban wannan baƙo daidai yake da ajiye aikin, aikin kuma shi ne Salamatu.

Jirgin ya ɗan yi gaba ya tsaya yana lilo. Aka ce ya miƙe, ya miƙe. Ya ɗaga komar ya wulwula ta kamar yadda ya ga ana yi, kuma a daidai wannan lokaci wayarsa, wadda ya soke a cikin warki, ta ɗauki wani kiɗan Benin mai zafi. Kawu ya kai hannu ɗaya ƙugu, komar ta zagayo ta lulluɓe shi tun daga malfa, jirgi ya yi gefe, Kakan Gari ya tafi ruwa gaba ɗayansa. Jama'a suka fashe da dariya, sun ɗauka cikin shirin ne. Ni ban yi dariya ba. Na ga kansa ya nutse ya fito ya sake nutsewa, hannuwansa a ɗaure cikin koma, kuma a duk taron nan ni kaɗai na san ba wasa yake ba.

Na yar da taɓarya na ruga. Laka ta cire mini takalmin Dije ƙafa ɗaya, ban tsaya ba. Mu 'yan bakin gulbi tare muke koyon tafiya da iyo, na kuma shirya yin iyon, amma har na isa gare shi ruwan bai wuce ƙirjina ba. Na cafki komar na ja kansa sama. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, “Kulu, ki hwaɗi ma Kaka ta yahe mani, ni na ɗauki ƙwaryar.”

Na ce, “Kawu, miƙe tsaye. Ƙasa na nan.”

Ya laluba da ƙafa ɗaya, ya laluba da ɗayar, ya miƙe a hankali. Ruwan iya ƙugunsa. Gemun ya riga ya rabu da shi yana bin igiyar ruwa ya nufi Yawuri. Na riƙe hannunsa muka fito, yana rawar ɗari cikin zafin rana, yatsunsa sun matse nawa har sai da suka yi ciwo. Mai lasifika, wanda Allah ya ba saurin baki, ya sanar cewa jama'a sun ga yadda jikoki ke tallafar kakanni a zamanin da. Babban baƙo ya tafa da ƙarfi, ya ce wannan ne ya fi komai kyau a wurin, a riƙa yin sa duk lokacin da aka yi baƙi.

Ni na riƙe bakina kamar yadda muka yi da shi, amma mota guda ta yara ta gani, kuma da yawansu sun gane shi tun da gemu ya tafi. Kafin a kira magariba labarin ya gama ƙauyenmu ya tsallaka iyaka ba tare da an tambaye shi takarda ba. Dije ta yi kwanaki ba ta yi mini magana saboda takalminta. Kaka Tumba ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, “Ashe ohis ɗin nashi cikin ruwa yake.” Da kanta ta shiga mota ta je ta ciro ƙwaryarta daga bango. Masu wurin da suka gan ta suka roƙe ta ta zauna ta riƙa kaɗi a bakin bukka, ta ce musu ita ba ta mutu ba tukuna.

Kawu ya yi makonni bai zo gida ba, duk muka ɗauka maganar aure ta lalace. Sai ga uban Salamatu ya aiko a kira shi. An ce tsohon ya sa shi ya ba da labarin da bakinsa, ya yi dariya har ya kwanta a kan atamfofinsa, da ya tashi ya ce mutumin da ke tsoron ruwa haka amma ya yarda aka tura shi ciki don kada aikinsa ya kuɓuce, ba zai bar mace da yunwa ba. Bayan girbi aka ɗaura aure. Kawu ya ci gaba da zama Kakan Gari har tsawon wasu shekaru, yana faɗawa ruwa duk ranar da aka yi manyan baƙi, sai dai ya kafa sharaɗi cewa shi zai zaɓi wurin faɗawar, kuma ya zaɓi inda ko akuya ba za ta jiƙa ciki ba.

Tungar Kakanni ba ta nan yanzu. Wata shekara gulbi ya cika ya kwashe bukkokin, wurin ya koma gonar shinkafa, injin ban ruwa ke ta ƙugi a inda na yi daka. Gidanmu ma ya zama na kwano da bulo, robobi sun maye gurbin randa, ni kuma a birni nake, garin tuwo a leda nake sayensa. Kaka da Inna sun riga mu gidan gaskiya, babu mai kirana daga madafa. In na je gida nakan tarar da Kawu a ƙofar shagon Salamatu, jikoki kewaye da shi, yana ba su labarin ranar da gulbi ya so cinye shi. A bakinsa ruwan ya kai tsayin giginya, har da dorina a ciki. Yakan ɗago ya dube ni ya ce, “Ko ba haka ba, Kulu?” Ni kuwa sai in ce haka ne, Kawu. Mutanen da za su ƙaryata mu sun yi ƙaranci, kuma na fi so a ce suna nan.